Babi na Shida: Hasken Waya da Hasken Rana

Duk wanda ya shiga shagon tabarau a 'yan shekarun nan ya san wannan tambayar. An gama awon ido, ya zaɓi firam, sai mai shago ya ce, "Alhaji, a sa maka mai kare hasken waya ne, ko a bar shi haka?" Da ya ga alamar shakka a fuskarka, sai ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wata 'yar tocila mai kama da biro, da ɗan farin kati. Ya haska katin, wurin ya rine ya koma shunayya. Ya ɗora gilashi na gama-gari a kai ya haska, katin ya sake rinewa. Sannan ya ɗora mai tsadar ya haska, kati ya zauna fari fat. Gani ya kori ji. Da wuya mutum ya kalli wannan bai ƙara kuɗi ba, balle idan ɗansa ne zai sa tabaraun, kuma yaron ya saba raba dare yana latsa waya.

Abin da katin ya nuna gaskiya ne, gilashin ya tare hasken tocilar. Sai dai hasken tocilar daban, hasken da ke fitowa daga waya daban.

Masu sauraron rediyo a gajeren zango sun saba jin ana cewa a kama tasha a kan mita 16 ko 19 ko 25. Haske ma ɗan gidan igiyoyin rediyo ne, tafiyarsa iri ɗaya ce, sai dai zangonsa ƙanƙane ne ƙwarai, har ba a auna shi sai da nanomita, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700, ko kusa da haka. Ja yana can wajen 700, shuɗi da shunayya suna nan tsakanin 400 da 500, kamar yadda suke jere a bakan gizo. Gwargwadon gajartar zango, gwargwadon ƙarfin da hasken ke ɗauke da shi. Ƙasa da 400 kuwa ido ba ya ganin komai, alhali hasken bai ƙare ba. Wani Bajamushe, Johann Ritter, shi ya gano haka a 1801, da ya lura cewa sinadarin azurfa ya fi saurin yin baƙi a gefen shunayya, inda ido ke cewa duhu ne. Wannan ɓoyayyen haske shi ake kira UV. Mafi kaifinsa, UVC, iskar ozon da ke sama tana shanye shi kafin ya iso ƙasa. UVB, mai zango 280 zuwa 315, kaɗan ne ke sauko mana, amma wannan kaɗan ɗin ke ƙona fata. UVA, daga 315 zuwa 400, yana isowa da yawa.

'Yar tocilar mai shago tana fitar da haske ne wajen nanomita 405, dab da iyakar UV, kuma katin an shafa masa sinadarin da irin wannan hasken ke rinawa. Shuɗin da ke fitowa daga fuskar waya da kwamfuta ƙarfinsa yana wajen 450. Gilashin da aka haɗa shi ya shanye haske har zuwa 410 ko 420 zai ci wannan jarrabawa sarai, sannan ya bar yawancin hasken wayar ya wuce abinsa. Mai karatu na iya gwadawa ba tare da wata na'ura ba. Sa tabaraun, ka ɗaga kai ka dubi sama. In dai har kana ganin ta shuɗiya, to shuɗin haske yana shiga idonka. Gilashin da ke tare shuɗi da gaske launinsa ruwan goro ne ko ruwan ɗorawa, kuma duk abin da ka kalla ta cikinsa sai ya sauya launi. Waɗanda ake sayarwa garai-garai, masu ɗan ƙyallin shuɗi a fuska, abin da suke ragewa bai wuce kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari ba.

Tsoron shuɗin haske yana da tushe, ba daga sama ya faɗo ba. A 1976 William Ham da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa idan aka haska idon biri da shuɗin haske mai tsananin ƙarfi, tantanin bayan ido, wanda shi ke karɓar hoto, yana lalacewa, kuma shuɗi ya fi sauran launuka saurin yin wannan ɓarna. Daga baya wasu 'yan Japan uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da ƙwan LED mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, aikin da ya jawo musu lambar Nobel a 2014. Da wannan ƙwan ake yin farin hasken da ke cikin tocilanmu da fitilun sola da bayan fuskar waya. Da wayoyin zamani suka cika hannun jama'a, sai masana'antar tabarau ta haɗa waɗannan labarai biyu ta fitar da haja. Kamfanin JINS na Japan ya fito da nasa a 2011, Essilor na Faransa ya kawo Crizal Prevencia a 2013, Zeiss da Hoya ma kowa ya yi nasa. Masana'antun Danyang a ƙasar Sin, garin da ke yin kusan rabin gilasan tabarau na duniya, suka mayar da abin mai araha har ya isa kowane shago. Zaman kulle na korona a 2020, lokacin da aiki da karatu suka koma kan allo, ya ƙara wa kasuwar wuta.

Abin da tallan bai faɗa ba shi ne yawa. Birin Ham haske aka dallara masa wanda ya ninka na waya nesa ba kusa ba. A 2016 John O'Hagan da abokansa a hukumar lafiyar jama'a ta Ingila sun auna hasken wayoyi da kwamfutoci da ƙwayayen fitila na zamani, suka gwada shi da iyakar da masana suka gindaya ta abin da ido zai iya ɗauka. Babu ko ɗaya da ya kusanci iyakar, ko da mutum zai wuni yana kallo. Shuɗin da ke shiga ido daga sararin sama da tsakar rana ya fi na waya sau da yawa.

Hukumomin Birtaniya sun ɗauki mataki tun da wuri. A 2015 hukumar kula da tallace-tallace ta hana wani tallan kamfanin Boots da ya ce hasken na'urori yana lalata ƙwayoyin bayan ido, kuma gilashinsu na karewa. A 2017 hukumar da ke kula da masu sana'ar tabarau ta ci kamfanin tarar fam 40,000 a kan wannan magana. Sai kuma a watan Agustan 2023, ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen lafiya ta tace su, ta fitar da nazarin da Laura Downie ta Jami'ar Melbon ta jagoranta. Sun haɗa gwaji 17 daga ƙasashe shida, mutum 619. Ba su ga wani bambanci wajen gajiyar ido tsakanin mai sanye da gilashin tare shuɗi da mai sanye da na gama-gari ba, kuma ba gwaji ko ɗaya da ya duba lafiyar tantanin bayan ido, wato ainihin abin da ake tsorata mutane da shi. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta daɗe tana cewa ba ta ba da shawarar sayen irin wannan tabarau.

Amma fa wanda ya ce idonsa na yaji bayan ya wuni gaban kwamfuta ba ƙarya yake yi ba, kuma ba na son mu yi masa kallon mai raki. Zafin ido, da hawaye, da dishi-dishi, da ciwon kai ta gaban goshi, duk suna nan. Dalilinsu ne aka ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Wasu likitoci biyu a Japan, Tsubota da Nakamori, sun ƙirga ƙiftawar idon ma'aikatan ofis a 1993: mutum yana zaune haka kawai yana ƙiftawa kusan sau 22 a minti, yana karanta littafi sau 10, yana kallon allon kwamfuta sau 7. Kowace ƙiftawa tana shimfiɗa sabon hawaye a kan ido. In ta ragu, ido ya bushe ya fara yaji. Ƙara da iskar fanka da ke bugun fuska, da ƙurar hunturu, sai abin ya taru ya yi yawa. Ga kuma tsokar da ke cikin ido, wadda ke ɗaurewa duk lokacin da ake kallon abu na kusa, sa'o'i ba hutu. Maganin da masu awon ido ke bayarwa ba a sayen sa: bayan kowane minti 20 a ɗauke kai a dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, a riƙa ƙiftawa da gangan, a ƙara girman rubutu, a ajiye allon ƙasa da saitin ido kaɗan.

To me ya sa wasu ke rantsuwa cewa tun da suka sa tabaraun suka samu sauƙi? Sau da yawa a cikin gilashin akwai ɗan ƙarfin gyaran gani da mutumin ya daɗe yana buƙata bai sani ba, musamman wanda ya haura arba'in, lokacin da karatun kusa ke fara wuya har a riƙa miƙa takarda nesa. Akwai kuma shafen da ke kashe ƙyalli, wanda kusan kullum tare ake yin su. Waɗannan biyun su suka yi aikin, yabo ya tafi wurin na ukun, wato tare shuɗin haske.

Inda maganar shuɗin haske ta fi ƙarfi shi ne barci. A 2002 David Berson na Jami'ar Brown ya nuna cewa a bayan ido akwai wasu ƙwayoyi da ba hoto suke ɗauka ba, aikinsu gaya wa ƙwaƙwalwa ko gari ya waye ko dare ya yi, kuma sun fi jin haske wajen nanomita 480. In suka ji haske da dare, jiki yakan jinkirta sakin melatonin, sinadarin da ke shirya mutum ga barci. Wani gwaji a Boston da aka buga a 2015 ya sa mutum 12 karatu a iPad na awa huɗu kafin kwanciya, an ƙure haskensa, dare biyar a jere. Barcinsu ya yi jinkiri da kusan minti 10 in aka gwada da masu karanta littafin takarda. Minti 10 ba ƙarya ba ne, amma wanda ya kai ƙarfe biyu na dare yana bin muhawara a Facebook ya san ba launin allo ne ya hana shi runtsawa ba. A ganina, duk gidan da ake son yara su yi barci, a karɓe wayoyin bayan sallar isha'i ya fi a saya musu gilashi.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne hasken da aka manta da shi. A kan UV ba a cikin duhu ake ba, shaida ta taru tun tuni. A 1988 Hugh Taylor ya buga binciken da ya yi a kan masunta 838 na gaɓar Chesapeake a Amurka, mutanen da suka ƙare rayuwarsu a kan ruwa. Ya lissafa ranar da kowannensu ya sha tun yana saurayi, ya duba ko yana sa hula ko tabarau, ya gano cewa waɗanda UVB ya fi duka su suka fi kamuwa da wani nau'in yanar ido da ke farawa daga gefen madubin cikin ido. Madubin nan shi ke shanye yawancin UV don kada ya isa bayan ido, kuma shekara da shekaru na wannan aiki suna taimakawa wajen dusashe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin masu makantar yana, kusan kashi 10 cikin ɗari na iya zama sanadin hasken rana. Tsufa ne babban dalilin yana, sai ciwon sukari da shan taba, kuma abin da ke barin mutum a makance shi ne rashin samun aiki a kan lokaci. Duk da haka kashi 10 ba abin rainawa ba ne a ƙasa irin Najeriya, inda binciken ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 a kan mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama ya samu kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, yana ce sanadin kashi 43 na makantar, kuma arewa maso gabas ce kan gaba.

Akwai kuma wani ciwo da duk mai zama cikin manoma da makiyaya ya sha gani: wata 'yar tsoka ja-ja mai kusurwa uku da ke tasowa daga farin ido tana rarrafawa zuwa baƙin. Kusan kullum ta ɓangaren hanci take fitowa. Wani likitan ido ɗan Ostareliya, Minas Coroneo, ya bayyana dalili. Hasken da ya shigo ta gefen kunne yana ratsa dunƙulen gaban ido, sai ya tattaru wuri guda a ɗaya gefen, ta wajen hanci, da ƙarfin da zai iya ninkawa har sau 20. Wannan tsoka ta fi yawa a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, inda rana da ƙura da iska suka haɗu. Kano tana kan digiri 12 ne kacal arewa da tsakiyar duniya, Agadas tana kan 17. A ma'aunin ƙarfin UV na duniya, 11 zuwa sama shi ne matakin ƙarshe, kuma tsakar ranar bazara a ƙasarmu tana kaiwa can, alhali Ingila da ƙyar take wuce 8. Gajimare marar kauri ba ya tare shi, kuma busasshen rairayi yana maido da kusan kashi 15 cikin ɗari zuwa fuska ta ƙasa.

Mai walda kuwa ba sai ya jira shekaru ba. Tartsatsin walda yana fitar da UV mai ƙarfi, har da irin wanda ozon ke kare mu daga gare shi. Yaron shago ya wuni yana riƙe wa maigidansa ƙarfe, ko dai ba komai a fuskarsa, ko da baƙin gilashin kwalliya, yana kawar da kai in an ɗana wuta. Da rana lafiya lau. Sai tsakar dare, bayan awa shida zuwa goma sha biyu, ya farka kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba, ba ya iya buɗewa. Fatar gaban idon ce ta ƙone. Takan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, in dai ba a ɗiga mata wani abin da zai ƙara ɓata ta ba, amma gobe ma haka zai koma aiki. Gilashin kwalliya ba ya maye gurbin garkuwar walda. Haka 'yan'uwanmu zabiya, da idonsu da fatarsu ba su da launin da ke rage kaifin rana, su ne suka fi kowa cancantar tabarau na gaske da hula mai faɗi, kuma su ne ba kasafai ake tuna su ba.

Abin takaici, tare UV ba shi da tsada. Gilashin roba da ake kira folikabonet yana shanye kusan dukkansa ba tare da an ƙara masa komai ba. Robar CR-39, wadda aka fi yin tabarau na gama-gari da ita, tana tare UVB amma tana barin wani ɓangare na UVA sai in an sa mata sinadari, kuma sinadarin ba wani kuɗi ba ne. Gilashin kwalba na asali shi ya fi barin UVA ya wuce. Alamar UV400 tana nufin an tare komai har zuwa nanomita 400. A nan ya kamata a yi wa gilashin tare shuɗi adalci, domin nau'in da aka haɗa ya shanye haske har 420 ya riga ya tare UV gaba ɗaya. Amfaninsa na gaskiya ke nan, sai dai ba da shi ake tallarsa ba, kuma ana samun wannan kariyar a farashin da bai kai nasa ba.

Duhun gilashi ba ya nuna kariya. Gilashi na iya zama garai ya tare UV duka, wani ya zama baƙi ƙirin ya bar shi ya wuce. Wannan na biyun ya fi zama haka ba tabarau illa, domin a inuwarsa ƙofar tsakiyar ido tana buɗewa, mutum ya daina runtse ido, hasken ya samu hanya. Tsada ma ba hujja ba ce, ana samun masu araha da ke karewa sosai. Matsalar tabaraun da ake jerawa a kan allo a bakin titi ita ce kowa na iya manna takardar UV400, ido kuma ba ya iya tantancewa. Ostareliya ta fitar da ma'aunin ingancin tabaraun rana tun 1971. A wurinmu abin da ya rage wa mai saye shi ne ya nemi shagon da ke da 'yar na'urar auna UV, a sa gilashin a ciki ya ga lambar da kansa. Masu sayen gilashin da ke yin duhu in an fita rana su sani cewa yana tare UV ko yana garai ko ya yi duhu, amma ba ya yin duhu sosai a tsananin zafi, haka ma a cikin mota, tun da gilashin gaban motar ya riga ya tare hasken da ke motsa shi.

Siffar firam ma tana da muhimmanci saboda hasken nan na gefe. Ƙaramin gilashi da ya tsaya nesa da fuska yana barin ƙofa a buɗe ta sama da ta kunne. Mai faɗi da ya zagaye fuska ya fi. Malfar da Bafillace da manomi ke ɗorawa a ka ba ƙaramin aiki take yi ba, domin hula mai faɗin baki tana rage kusan rabin UV da ke isa ido. Kada kuma tsoron rana ya sa a kulle yara a ɗaki: wani gwaji a makarantun Guangzhou na ƙasar Sin da aka buga a 2015 ya nuna cewa ƙarin minti 40 a waje kowace rana ya rage yawan yaran da ke kamuwa da matsalar rashin hangen nesa. Su fita su yi wasa, a dai sa musu hula in rana ta take.

Yau ma'aikacin banki da ɗalibin jami'a, masu wuni a inuwa, su ake sayar wa kariya daga hasken da ba a nuna yana cutar da ido ba. Ɗan acaɓa, da mai tallan ruwa, da masuncin Tafkin Chadi, da matar da ke yini a gona, su ke shan hasken da aka tabbatar yana cutarwa, kuma ba wanda ke bin su da kati da tocila. Ina kira ga masu awon ido da masu yanka tabarau da su mayar da kariyar UV abin da ke cikin kowane gilashi ba sai an tambaya ba, su kuma gaya wa mai saye gaskiyar abin da shafen shuɗi zai iya da wanda ba zai iya ba. Kai kuma mai karatu, in kuɗin hannunka ba zai isa komai ba, fara biyan na awon ido a wurin ƙwararre, sannan gilashi mai ƙarfin da ya dace da idonka kuma mai tare UV. In canji ya ragu, saya wa wanda ke yi maka aiki a rana malfa.